Maginin Ruhewa da Shanunsa na Laka

Jiya na ji ɗayanku yana cewa wai ginin ruhewa, rumbun nan na laka, ba sana'a ba ce, duk wanda ya iya kwaɓa laka ya iya. Ba zan faɗi sunansa ba, tunda ga shi nan zaune yana tonon ƙasa da tsinke. Ban ji haushi ba. Amma tunda kun tarar da ni a gindin tsamiyar nan, rana kuma ba ta yi sanyin komawa gona ba, ku gyara zama. Sunana Mati. In kun je Safo ko Gabi kuka ce Mati kawai, za a yi ta nuna muku mutane har ku gaji. Sai kun ce Mati mai shanun laka, sannan a san ni kuke nufi.

Ubana masunci ne a tabkin Madarumfa. Aikina ina yaro shi ne gadin kifin da aka shanya a kan zana, kada shirwa ta sure. To, bakin tabkin nan akwai wata baƙar laka mai danƙo, wadda in ka matsa ta a hannu sai ta riƙe shatin yatsunka. Da ita nake gina shanu. In yi musu ƙaho da farar ƙaya, in yi musu ido da ƙwayar gero, in kafa musu garke da tsinken kara. Har raƙumi nakan yi, da jaki ɗauke da mangala. Duk yaran unguwa suna yin irin wannan wasa, sai dai nasu rana ɗaya take fasa su, nawa kuwa sukan daɗe. Ubana in ya fito daga ruwa ya tarar da ni tsugune gaban garkena, sai ya ƙirga kifinsa da ido ya girgiza kai. Uwata ce take cewa, "Ƙyale shi, wasa farin girki."

Wata rana wani dogon mutum ya zo da jakai biyu ɗibar laka. Baba Tunau ke nan, maginin ruhewa, wanda duk ƙasar nan aka sani da ƙarancin magana. Ya tsaya a kaina, ya sunkuya ya ɗauki bijimin da na fi so, ya juya shi, sai kawai ya karya shi gida biyu. Hawaye ya cika mini ido. Shi kuwa cikin karayar yake dubawa.

Ya ce, "Wa ya ce ka zuba kashin jaki a ciki?"

Na ce, "Ba kowa, Baba. In ban murtsuka shi na zuba ba, rana tana tsaga su."

Ya ce, "Ɗan wane ne kai?"

Da la'asar sai ga shi a ƙofar gidanmu. Suka gaisa da ubana, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ubana ya yi dariya ya ce, "Ɗauke shi, Tunau. Shirwa ta fi ni cin moriyarsa."

Na tafi ina tsammanin gobe zan fara gini. Shekarun farko ko taɓa bango ban yi ba, da ƙafa na yi aiki. Mu haƙo ƙasa da galma, mu tara ta, in yi ta jigilar ruwa da tulu. In shiga daji in yanko rauno, ciyawar nan mai laushi da ake haɗawa da laka don ta kama jikinta, in daddatse ta, in watsa, in shiga in yi ta takawa har cinyoyina su daina jin nawa ne. In an gama sai a rufe ta a bar ta ta ruɓa. Baba Tunau ba ya duba ta da ido. Hannu yake cusawa ya ciro ya shinshina. In ba ta yi wannan tsamin warin ba, sai ya goge hannu ya ce, "Ba ta farka ba," ya koma inuwa.

Ruhewa ba a kan ƙasa take zaune ba, ku duba za ku gani. Duwatsu ake fara jerawa, don raɓa da gara. A kansu a shimfiɗa itacen kirya, wanda gara take jin kunyarsa, sannan a daɓe da laka. Daga nan bango ya tashi. Za ka mulmula laka doguwa kamar damtse, ka ɗora ta a kan da'ira, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, kana matsawa kana jan ta sama har ta yi siriri. Bangon ɗaki kauri ne yake riƙe shi, bangon ruhewa kuwa bai fi kaurin tafin hannu ba, amma shi zai ɗauki abincin gida na shekara. Abin da yake riƙe shi shi ne zagayen ya yi daidai. Ba mu da igiyar awo, ba mu da komai sai ido da sakaina, ɓallin tsohuwar ƙwarya da muke shafe bango da shi. Kuma ba ka ɗorawa da yawa a yini. Ka ɗora kaɗan, ka bari ya sha iska, ka koma wani gidan ka ɗora nasu, gobe ka dawo. Inda ake gane magini shi ne wajen tumbi. Bango yana buɗewa waje kamar randa, yana neman faɗuwa, kai kuma kana lallashinsa. In ya kai iyakar faɗinsa sai ka fara tsuke shi, kana ciki a kan tsani, sama tana ƙara ƙanƙancewa a kanka, har ya rage ƴar ƙofar da za ka fita da ƙyar. Ranar ɗora jinka kuwa sai an kira maƙwabta, kun dai san hannu ɗaya ba ya ɗaukar ta.

Duk wannan lokaci ban bar shanuna ba. Kowane aiki akwai ragowar laka, in Baba Tunau ya kishingiɗa da azahar sai in ɗebo dunƙule in zauna bayan ɗaki. Kafin ya tashi yaran gidan kowa ya samu abinsa, wannan doki, wannan zabuwa. Ina tsammanin bai sani ba, sai ran nan ya ce da ni, idonsa a rufe, "Hannuwan nan biyu daga safe zuwa azahar nawa ne. Lokacin hutu naka ne, in ka ga dama ka gina giwa. Amma ranar da na ga bango ya karkace, garken zan fara rushewa."

Aikin da na fara haɗa wasana da sana'a shi ne a Safo, gidan wani manomi ana ce masa Barmo. Mun gama ruhewa, saura matakai, ƴan dunƙulen da ake mannawa a jikinta don a taka a hau. Ranar Juma'a ce, Baba Tunau ya riga ni tafiya masallaci ya ce in ƙarasa in same shi. Na ɗauki dunƙulen farko, na ga ai bayan kunkuru ne, ƙafa huɗu kawai ya rasa da kai. Na ƙara masa. Na biyu kuma na mai da shi kan rago. Da muka dawo ya tsaya ya daɗe yana kallo. Haka muka tafi wani aikin, ni ina ta jiran faɗa. Sai da matakan suka bushe ƙarau muka koma. Ya tuɓe takalmi, ya ɗora ƙafa a kan kunkuru, ya sakar masa nauyinsa duka, har da ɗan girgizawa. Matan gidan suna leƙe ta bayan danga.

Ya sauko ya ce, "Kunkuru ya ɗauke ni, ya zauna. Ragon kuwa rage masa ƙaho, zai kama zanen mace in ta hau."

A hanyarmu ta komawa ya ba ni sharaɗinsa. Duk abin da zan ɗora kada ya raunana bango, kada ya tare ruwan sama, kada ya zame wa ɓera tsani. In ya tsallake waɗannan, ba ruwansa. Daga baya ma in mai gida ya zo ɗaukar mu aiki ya ce, "Da yaron nan mai kunkuru za ka zo ko?" sai in ga gefen bakin Baba Tunau ya motsa.

Ba kowa ke son dabba ba. Limamin unguwarmu da zan gina masa tasa, bayan na fara cin gashin kaina, tun kafin in sauke kaya ya ce, "Mati, na ji labarinka. Ban da mai rai."

Na ce, "Allah gafarta Malam, to me za a sa?"

Ya ce, "Abin da ba ya numfashi."

Na zagaye mata ƙugu da yaɗon duma, ganye da ƴaƴa, a sama na yi jinjirin wata. Kullum bayan asuba sai in gan shi ya goya hannu a baya yana zagaya ta, yana cewa wai duwatsun ƙasa yake dubawa.

Aikin da ya ba ni suna kuwa na Nomau ne, wani babban manomi a wajen Gabi. Shi cikin Anna yake, masu bin hanyar kakanni, mutum mai hannu sake da son raha. Yana da wani takarkari, san da yake ɗaukar masa kaya, ana kiransa Karkace saboda ƙahonsa na hagu ya lanƙwasa ƙasa tun yana maraƙi. San nan ya tsufa, haƙora sun zube. Mahauta sun yi ta zarya, Nomau ya ce wanda ya kwaso masa hatsi shekara da shekaru ba zai ƙare a tukuba ba.

Ya ce da ni, "Magini, so nake ka sa mini shi a jikin ruhewar nan, ta wajen da nake zama da safe. Ran da ya tafi in ci gaba da gaishe shi."

Ban taɓa gina wani sa na musamman ba. Shanuna duk daga kaina suke fitowa. Don haka duk sa'ad da bango yake shan iska, sai in bi Karkace wajen kiwo, ina kallon yadda tozonsa ya kwanta gefe, da yadda fatar wuyansa take reto. Mutanen garin suka ce maginin Nomau ya koma Bafillace. Da tumbi ya haɗu, tun bango yana da sauran danshi, na karce wurin da sakaina don sabuwar laka ta kama, na fara fito da shi kaɗan kaɗan, rabin jikinsa a cikin bango rabi a waje. Na shafa masa jar ƙasa, na yi masa farin goshi da farar ƙasa. Na kira mai gida.

Nomau ya zo ya duba sama ya duba ƙasa. Ya ce, "Sa ne mai kyau. In na gan shi a kasuwa zan taya. Amma ba nawa ba ne."

Na ce, "Maigida, ga ƙahon, ga goshin."

Ya ce, "Ƙahon nasa ne. Amma wannan ya ɗaga kai kamar wanda bai taɓa ɗaukar kaya ba. Nawa ya san nauyi."

Gaskiyarsa. Na jiƙa wuyan, na sare shi, na sauko da kan ƙasa, na ɗan lotsa bayan inda kaya yake zama. Washegari Nomau ya tsaya gabansa, ya miƙa hannu ya sosa masa bayan kunne. Sai ya aika a jawo Karkace. Gari ya taru. Tsohon san ya tako a hankali, ya tsaya, ya hura hanci, ya shinshina ɗan'uwansa na bango, sannan ya zaro harshe ya lashe masa goshi. Wataƙila kanwar da ke cikin farar ƙasar ce ya ji, amma wa zai tsaya bayani a wannan rana? Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Na koma gida da damman gerona, ga ɗan akuya a gaba da Nomau ya ƙara mini.

Kada ku ɗauka kullum haka take. Akwai shekarar da fara ta sauka. Lokacin Baba Tunau ya rasu, ni kuma ina da iyali, yara biyu. Gero ya fitar da kai, kowa yana murna, sai muka ga gabas ta yi duhu kamar hadari. Kafin a yi wani abu gonaki sun koma tsirara, kara kawai a tsaye. Wanda ba shi da abin zubawa ba ya neman ruhewa. Waɗanda na gina da hannuna na gan su a buɗe, yara suna shiga suna kiran sunansu don su ji amsa kuwwa. Tabki ne ya riƙe garin, kifi da saiwar bado. Amma bakuna sun yi wa tabkin yawa.

Na zauna na gina dabbobi cike da kwando. Surukata mai ginin tukwane ce, ta gasa mini su tare da tukwanenta har suka yi ja suna ƙara kamar ƙarfe. Na ɗauka a kai na tsallaka zuwa kasuwar Jibiya, na shimfiɗa su a kan tabarma. Mutane suna wucewa, kowa idonsa yana wajen masu awo. Da rana ta karkata wata mata ta tsaya, ta ɗauki rago ɗaya tana juya shi. Na gyara zama.

Ta ce, "Kai ka yi?"

Na ce, "Ni na yi."

Ta ce, "Ya yi ƙiba. Da ana yanka shi da na saya."

Muka yi dariya ni da ita, ta ajiye ta wuce. Ko ɗaya ban sayar ba. Na ga komawa gida da kwandon nan ba zai sa tukunya ta tafasa ba, sai na bi ƴan ci-rani muka wuce Katsina. Can na samu aikin lebura wajen wasu magina da ke yi wa wani fatake mai safarar goro gida. Ni da ake aiko wa da goro daga garuruwa a roƙe ni in zo, na koma ɗan miƙa laka. Ban ce musu na iya komai ba, domin ginin soro daban, ginin ruhewa daban. Kwandon kuma ya dame ni da nauyi, sai na rabar wa yaran gidan.

Ba a jima ba mai gidan ya fito riƙe da raƙumi ɗaya a hannu, yana tambayar wa ya kawo. Aka nuna ni, duk jikina laka. Ya juya wajen babban maginin, wani dattijo Audu, ya ce, "Mai wannan hannu kuke sa wa ɗaukar kwando?"

Audu bai ji daɗi ba, amma mutumin kirki ne. Ya yaɓa laka a wani gefen bango ya ce, "Mu gani. Ban da dabba, nan ƙofar zaure ce." Na sa yatsa na ja yaɗon duman nan da na saba, na murɗa shi ya shiga cikin kansa ya fito. Audu ya kalla ya ce, "Ka iya lanƙwasa, ba ka iya daidaita hagu da dama ba. Zo in nuna maka." A wajensa na koyi raba bango gida biyu da ido, na koyi shafen makuba wanda ruwa ba ya ci. Shi kuma ya tambaye ni yadda muke tayar da siririn bango ba tare da ya faɗi ba, na nuna masa da ƴar ƙaramar ruhewa a bayan gidan. Na yi wannan zaure, na yi na maƙwabcinsa. Duk wanda zai koma Madarumfa sai in ɗora masa ƴar dawa ya kai mini gida. Da haka yarana suka ga damina. Hadarin farko na tashi na kama hanya, na tarar da maiɗakina ta riga ta gyara gona, irin shuka kuma ta ɓoye shi a cikin tulu ta liƙe bakin, duk yunwar nan ba ta taɓa shi ba.

Bayan nan sai zamanin gujiya ya zo, wato gyaɗa, kamyo, babbar motar kaya, yana shigowa har kasuwa yana kwasar buhuna. Aka ce ruhewa ta mutu, buhu ya gaje ta. Ba ta mutu ba, gujiya ce ta buhu, gero yana nan inda ya saba. Wani mai sayen gujiya ma cewa ya yi kamyo yake so a jikin tasa. Ban san yadda ƙafafun abin suke haɗe da cikinsa ba, sai na je kasuwa na roƙi mai tuƙin, na kwanta a ƙarƙashi ina kallo. Wata mata ta hango ƙafafuna a waje, ta ruga gida ta ce wa maiɗakina mota ta taka ni. Ta zo da gudu ba mayafi, ta tarar da ni ina zana taya a ƙasa da yatsa. Abin da ta faɗa mini a ranar ba na yara ba ne.

Akwai wata tsohuwa a nan garin, Inna Dela, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune gidan ɗanta. Bayanta ya ranƙwafa, da sanda take tafiya, amma ba ta yarda ta bar ƴar gonarta ba. Ta aiko a kira ni, ta ce ƙaramar ruhewa take so, tata ta kanta, don kada ta riƙa roƙon kowa in tana son damun fura. Tun ranar da na jera duwatsu ta kifa turmi ta zauna a kai tana kallo. Hannuna kawai take bi da ido. Da na zo ƙarshe na ce, "Inna, me za a sa miki a jiki? Zabuwa ko akuya?"

Ta ce, "Ɗana, miƙo mini dunƙule ɗaya."

Na ɗauka so take ta ji ko lakar ta yi. Na ba ta. Ta riƙe ta da hannu biyu, ta matsa, ta kai hanci. Sai ta ce, "Da ina yarinya a gidan ubana, babu wanda ya kai ni. Gida guda nake ginawa, da turmi da taɓarya da kaji, har da jariri a goye. Daga baya niƙa ta zo, ƴaƴa suka zo. Tun daga nan hannuna bai sake taɓa laka ba sai in murhu ya tsage."

Matar ɗanta ta fito daga ɗaki ta ce a hankali, "Inna, mutane suna wucewa, suna kallo."

Ta ce, "Su kalla. Kawo mini ruwa a ƙoƙo."

Na farko ya wargaje mata. Ta tattara ta sake. Na biyu ya fito kamar ƙwai mai wuya, ta yi tsaki ta murje shi. Ni dai na koma ina shafe bakin ruhewa, ina satar kallo. Can na ga manyan yatsunta sun daina neman hanya, sun kama tafiya da kansu. Ta ja nan, ta danna can, ta tsinke tsinke daga tsintsiya tana tsaga gashi. Da ta buɗe hannu sai ga kaza a kwance ta buɗe fiffike ɗaya, ɗan tsako ya leƙo da kai ta ƙarƙashi. Na daɗe ina gina kaji, ban taɓa tunanin buɗe fiffiken nan ba.

Na ce, "Inna, ai wannan ita za a sa."

Ta ce, "In ba ita ba, wacce za a sa?"

Na karce bango na manna ta. Ban gama ba wata maƙwabciyarta, ita ma tsohuwa, ta leƙo ta kan danga ta ce, "Dela, ke ce da wasan yara?" Ta shigo ta duba kazar, ta taɓe baki ta ce, "Kaza kin iya. Amma jaki, ko a da ban bar miki ba." Ta naɗe hannun riga ta tsuguna. Kafin la'asar tsofaffi sun cika tsakar gidan, kowa da dunƙulenta, jikoki a tsaye suna kallon kakanninsu suna gardama a kan kunnen jaki. Na sha fama da su, domin wasu abubuwan za su tare ruwa, wasu ɓera zai taka ya hau, in na ƙi mannawa a ce na yi son kai. Tuwon dare ya makara a gidaje da yawa ran nan. Ruhewar kuwa ko wurin sa tafin hannu ba a bari ba a jikinta.

Na ɗauka abin ya ƙare a nan. Da kaka ta zagayo, ruwa ya ɗauke, na fito da safe ina ɗaura wa jaki kaya zan tafi Safo aiki. Sai na ji ƙarar sanda a bayana. Inna Dela ce, ta ɗaura ɗankwali sabo, ga ƴar ƙullin goronta, ga tsinken tsintsiya a soke a gefen kai.

Na ce, "Inna, lafiya da sassafe?"

Ta ce, "An ce Safo za mu."

Na ce, "Da nisa fa, Inna. Ɗanki ya sani?"

Ta ce, "Ni na haife shi. Sauke kwandon nan ka ɗauka a kai, ka ɗora ni a kan jakin. Rana tana yi."

Na sauke kwandon. Rani uku muka yi tare kafin Allah ya karɓi abarsa. In kun bi hanyar Safo kuka ga ruhewa da sa a jiki, nawa ne. In kuka ga kaza, kada ku yaba mini, ta Inna Dela ce.